Shekarar da Muka Shuka Dawar Masu Lahadi

Bana ruwa ya yi mana rowa. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har kaji su shige akurki, iska ta taso ta kwashe wa mutane shanya, sannan ya watse ya bar mu da zufa. Jikokina sun yi binne, aka ɗan yi yayyafi, tsiro ya leƙo, rana ta ƙone shi. Jiya na ji babbansu yana cewa ba komai, ranar kasuwar Maigatari zai hau mota ya auno wani irin. Yana faɗa yana sakace, sai ka ce gishiri zai sayo. Ban tanka ba, don ina buɗe baki za su ce tsohuwa ta fara. Amma tun jiyan gabana bai daina faɗuwa ba, domin ni na ga shekarar da babu kasuwar da ake auna iri, ko da me mutum ya zo.

Lokacin shekarata ta biyu ke nan a ɗakin miji, a wani ɗan ƙauye yamma da Gagarawa wanda yau ko kufansa ba a ganewa. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana na fari, da mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna. Gajeriya ce, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta share tsakar gida ko kaza sai ta yi shawara kafin ta ratsa. Ba muguwar suruka ba ce. Mace ce dai da ta fi tsoron a yi da ita a kan ta kwana da yunwa, kuma na ga ranar da aka ba ta zaɓi tsakanin biyun.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Abin da muka girba bai rufe gindin rumbu ba. Tun kafin a ɗaure dami Inna ta bi ta tsince zangarniyoyin da suka fi ido, ta sussuke da hannunta, ta cuɗe tsabar da toka saboda ƙwari, ta ɗura a babban gora, ta liƙe bakinsa da laka, ta rataye a ɗakinta. Goran iri ke nan. A ƙasarmu ta yashi ba a ajiye irin shuka ɗaya, don ruwan fari maƙaryaci ne, yakan sa ka shuka sannan ya tafi abinsa. Sai gora ya ɗauki shuka biyu ko uku mai gida ke yin barci.

Da sanyi ya fara ja baya maigida ya ce zai tafi cin rani wajen kogin Haɗeja, ko ba komai baki ɗaya ya ragu a gidan. Ina bayan danga na ji sallamarsu.

"Inna, ko ganye za ku ci, kada a taɓa goran nan. Da ruwan fari zan dawo in Allah ya yarda."

"Ni za ka gaya wa? Tafi, Allah ya kiyaye hanya."

Ganyen kuwa muka ci. Da fari tuwo sau ɗaya a yini, sai ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har ina hango ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Daga nan dusa, daga dusa sai jeji. Muka ci yaɗiya da busasshiyar tafasa, muka tsotsi aduwa har cikinmu ya ɓaci, muka daka ƙwallon goruba. Mukan tsinko anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗan karen ɗaci, a jiƙa a zubar, a jiƙa a zubar, kwana da kwanaki, alhali ruwan jiƙon ma sai an sha wuya a rijiyar da ta yi ƙasa. Mata suka riƙa tone gidan tururuwa don 'yar tsabar da ta tara. Fulanin rugar da ke arewa da mu suka kaɗa abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, nono ya ɗauke daga gari. Bazara ta shigo da zafinta, yashi ya hana tafiya da rana tsaka, gari ya yi tsit, ba ƙarar turmi ko ta dutsen niƙa. Wannan shirun na fi tsana, don a garin Hausa in ba ka ji daka da hantsi ba, ka san abin da ke nan.

A shekarar ce ake zuba ƙasar hanyar jirgi. Aka kafa barikin leburori a wajen da yanzu ake kira Tasha, bukkokin ciyawa jere, da mutane iri-iri da ba mu taɓa jin bakinsu ba. Su ana kawo musu hatsi a buhu daga Kano. Labari ya zo cewa ana neman mata masu daka, ladan kuwa dusa da ɗan tsaki. Na durƙusa na gaya wa Inna. Ta ce aiki ba bara ba ne, in je.

A can na fara ganin mutanen da muke kira masu Lahadi. Ba mu san kalmar Kirista ba a lokacin. Abin da muka sani, ranar Lahadi ba sa taɓa aiki, sai su buga wani guntun ƙarfe da ke rataye a jikin aduwa, su taru a rumfar zana su yi ta waƙa. Ba su da yawa. Akwai Yarbawa, akwai Nufawa, akwai wasu daga can hayin babban kogi, da matan kaɗan daga cikinsu. Babbansu wani kafinta ne mai furfura a gemu, Yohanna, shi ke tsayawa a gaba ya karanta musu littafinsu da Hausa, tunda ita ce bakin da ya haɗa su duka. Hausar wasunsu kuwa in ka ji sai ka riƙe ciki.

Da suka ga yadda mutanen ƙauyuka ke zuwa suna zagaya barikin, suna tsintar abin da ya zube a bakin buhu, sai suka yi shawara a rumfarsu. Suka ajiye kwando a ƙofa. Duk wanda aka auna wa rabonsa, kafin ya kai ɗaki zai ɗebi hannu guda ya zuba a ciki. Da abin ya ci tura suka bar cin abincin rana ɗungum, mutanen da ke yini suna ɗaukar ƙasa a ka. Hatsin kwandon nan shi nake dakawa, a dama kunu a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a raba da yamma. Da farko mutanenmu sun ƙi zuwa, aka ce duk wanda ya sha ya zama nasu. Limamin garinmu, wanda shi ma rigarsa ta fara yi masa yawa, ya ce abincin ma'abota littafi bai haramta ba. Ko bai faɗa ba ma, yunwa ta riga shi yin fatawar. Ni dai tsawon zamana da su ba wanda ya ce in bar sallata. Kafin su raba sukan sunkuyar da kai Yohanna ya yi addu'a, mu kuma mu yi bisimilla, ludayi ya zagaya.

Sai dai kunun bai taɓa isa ba. Kullum tukunya za ta ƙare da sauran mutane a tsugune, wanda ya sha yau kuma gobe sai ka ji an ce ya kwanta a hanyar gida bai tashi ba. Na sha ganin matar da ke rabon tana kankare gindin tukunya tana hawaye.

Ita ce Rifkatu, matar Yohanna, ta girme ni amma ba da yawa ba. Hausarta tsaf, har na tambaye ta 'yar wane gari ce. Ta ce ba ta sani ba. Tana ƙarama aka kamo ta a bayi, Turawa suka tare ayarin, aka kai ta gidan Mishan can kudu, nan ta tashi cikin yara irinta, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Ba ta san uwa ba, ba ta san goggo ba, ba ta taɓa zama a gidan da ake miƙa tuwo ta kan danga ba. Ta iya ɗinki, ta iya karatu, ta iya wanke gyambo ba ta yamutsa fuska ba. Amma abin da 'yar shekara bakwai ta sani a garinmu na zaman maƙwabtaka, ita ba wanda ya taɓa gaya mata.

Wata Lahadi mutanen rumfar suka lura cewa masu zuwa bariki su ne masu sauran ƙafa. Tsofaffi da marasa lafiya suna cikin ɗakuna. Sai matan masu Lahadi suka raba gidaje, kowace ta ɗauki na kai wa kunu. Rifkatu ta ce mini, "Dije, ba kin ce kina da tsohuwa a gida ba?"

Na ce, "Akwai ta, amma ba za ta karɓa ba. Ɗan tsakin da nake kaiwa ma sai na ce ladan dakana ne take sha."

"Ba sadaka zan kai mata ba. Gaisuwa zan je."

Ta kuwa je da ƙwaryar kunu, da rana, ina bakin turmi. Da na koma gida na tarar Inna ta share tsakar gida, abin da ta kwana biyu ba ta iya ba, har da shimfiɗa tabarmar baƙi. Ta ce, "Baƙuwarki ta zo. Yarinya mai hankali, ta durƙusa har ƙasa. Ashe marainiya ce." Ta sha kunun tas. Raina ya yi fari, na ce Allah ya kawo mana mafita.

Washegari Rifkatu ta tare ni da murna, tana riƙe da ƙwaryarta. "Dubi abin da Inna ta sa mini!" Daddawa ce guda biyu, busassu kamar dutse, an rufe da faifai. Na yi dariya na ce ai haka ake yi, ba a mayar wa mutum da ƙwaryarsa wayam. Ta sa na maimaita. Ta ce tun da take ba a taɓa yi mata haka ba, kullum ita ce mai bayarwa ko mai karɓa, ba a taɓa yin musaya da ita kamar 'yar gida ba. Ta kai daddawar rumfarsu ta nuna wa kowa, aka jefa a miyar Lahadi, Yohanna ya sa wa Inna albarka a cikin addu'arsu.

Haka aka ci gaba. Yau garin kuka a ƙullin tsumma, gobe 'yar kanwa, jibi zaren da ta kaɗa tun bara. Ludayinta mai zane ya tafi, mazarinta ya tafi. Ina gani ina cewa a raina, tsohuwa da ƙarfin hali, in kayan suka ƙare ai dole ta haƙura. Rifkatu kuwa kullum sai ta koma ta gaya mata yadda jama'arsu suka ji daɗi, yadda aka ambaci sunanta a rumfa. Tana faɗa ne don ta faranta mata. Ba ta san kowace godiya ƙara ɗaure tsohuwar take yi ba. Goran iri bai taɓa faɗo mini a rai ba. Yana ɗakin Inna, matar ɗa kuma ba ta kutsa kai ɗakin suruka ta yi ta dube-dube.

Ranar da na gane, iska mai ɗumi ta fara juyowa daga yamma, alamar damina ta matso. Aka juye mini hatsin kwando a turmi. Hatsin buhu dawa ce, fara, manyan ƙwayoyi. Na ɗaga taɓarya ke nan sai na ga gero a ciki, sirara, masu duhu, da fari-farin toka a jikinsu. Na sa hannu na ɗebo na shinshina. Na san tokar nan, ta karan geron gonarmu ce, ni na tankaɗe ta. Na zauna a ƙasa.

"Rifkatu, ina kika samo geron nan?"

"Inna ce. Ai kwanan nan kullum shi take sa mini, wai kayan miya sun ƙare. Na ce ashe kuna da ɗan abin da kuka ɓoye. Ina zubawa a kwando kowa ya samu albarkarsa."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Tun kafin tsayuwar watan nan. Lafiya?"

"Ba ki ga toka ba?"

"Na gani. Nakan wanke, yau ne na manta."

Na ce mata iri ne. Ba ta gane ba, sai da na ce shi za mu shuka, babu wani bayansa, ba a gidanmu ba, ba a gidan kowa ba. Ta dafa turmi. Sai ta durƙusa ta shiga tsince geron daga cikin dawa da ƙwaya ɗaya ɗaya, ni ma na sa hannu. Abin da muka tsinto bai cika tafin hannu ba. Sauran ya riga ya bi tukunya, an shanye, ni da kaina na surfa shi a kwanakin da take wankewa kafin ta zuba.

Ranar na ajiye kunya na shiga ɗakin Inna ba sallama. Goran yana rataye inda yake, ta huda shi ta gefen da ke jikin bango ta toshe da tsumma. Na girgiza, na ji 'yar tsaba tana kaɗawa can ƙasa.

"Inna, don Allah me ya sa?"

Ba ta yi mini faɗan shiga ɗaki ba, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, tun da aka kawo ni gidan nan ƙwaryar mutum ba ta taɓa fita wayam ba. Yarinya baƙuwa, ba uwa ba uba, ta hana cikinta ta kawo mini. In ta koma ƙasarsu ta ce me ta gani a gidanmu?"

"Da sai ki ce ta daina kawowa."

"In kori baƙuwa da abinci a hannu?" Sai ta ƙara da cewa, "Kullum cewa nake ɗan kaɗan ne, gora babba ne. Kuma ina jin yunwa, Dije. Ina jin yunwa."

Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar, ban kuma taɓa jin ta ambaci yunwa ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, in rasa wanda zan ɓata wa. Wadda ta kawo don Allah ta kawo. Wadda ta mayar, abin da uwarta ta koya mata ta yi.

Da yamma sai ga Rifkatu da ƙwarya. Ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ce, "Inna, ki yafe mini, ban sani ba. Don girman Allah ki sha, ki ba ni ƙwaryata haka nan. A wurinmu wanda ya bayar ba ya jiran a mayar masa."

Inna ta ce, "A wurinku ke nan, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Ki gai da mutanenku, ki ce na ƙoshi."

Rifkatu ta yi roƙo har ta gaji. Daga baya dabara ta zo mata, ta kawo wa Inna auduga da sabon mazari, ta ce zare take so a kaɗa mata, kunun ladan aiki ne. Inna ta gane sarai, amma ta karɓa. Yatsunta sun riga sun kumbura, zaren yana fita da kauri da siriri, yana tsinkewa, Rifkatu tana amsa da hannu biyu tana yabawa.

Ruwan fari ya sauka da hantsi, da tsawa, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Bayan kwana biyu maigida ya shigo. Da ƙyar na gane shi, wuyansa ya yi tsawo, ba komai a hannunsa sai sanda. Bai ko zauna ba, ya sha ruwa, ya gai da Inna, ya ɗauko sungumi daga bayan rumbu ya duba bakinsa, ya shiga ya sauko da gora. Tun daga ɗagawa ya tsaya. Ya girgiza shi a kusa da kunne. Ya dubi Inna.

Ta ce, "An yi ta kawo mini abinci a ƙwarya."

Ya ajiye goran. Sannan ya ce, "Haka ne, Inna." Bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta.

Ya zagaya gari neman rance, kowa ya nuna masa nasa goran, wasu sun cinye tun tuni, wasu abin da ke ciki ba zai rufe rabin gonarsu ba. Muka shuka ɗan abin da ya rage a bayan gida, yana sara ina jefawa ina takewa, ina ƙirga ƙwayoyin da yatsa kada rami ɗaya ya ci rabon wani. Ya tsiro kore shar. Sai ruwa ya yi halinsa, sama ta washe, rana ta buɗe. Muna kallo tsiron ya murɗe, ya yi ja, iska ta rufe shi da yashi. Masu sauran iri suka jira ruwa na biyu. Mu ba abin da muke jira.

Labari ya kai rumfar masu Lahadi. Rifkatu ta gaya mini sun yi zama a kanmu bayan addu'a, wani Bayarabe ya miƙe ya ce tunda a tukunyarsu irin ya ƙare, a wuyansu yake. Suka yarda ranar ba wanda zai ɗora tukunya a ɗakinsa. Da ruwa ya dawo sai ga Yohanna da kansa, da maza biyu, sun ɗauko masaki cike da farar dawar nan ta buhu, an zaɓe ta ƙwaya ƙwaya. Suka yi sallama a ƙofar gida. Yohanna ya ce, "Maigida, mun ci naka ba da sani ba. Ga namu, ka shuka. Ka ga ta fi geron ma girma."

Ina leƙe ta danga. Maigida ya ɗebi dawar ya murza a tafin hannu. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Gumel ya san ta: dawar kudu ce, ta ƙasar laka, wadda ke son ruwa har bayan namu ya daɗe da ɗaukewa. Su kuwa kafintoci ne da maƙera da masu ɗaukar ƙasa, a wurinsu hatsi hatsi ne. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Mutane sun kwana da yunwa sun kawo maka, ka ce musu me? Ya ce, "Madalla. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Inna ta aiko ni da zaren da ta kaɗa a sa musu a masakin.

Da suka tafi na ce, "Mu ci mana, tunda ba za ta yi ba."

Ya ce, "In mun ci, ta kwana nawa? Wata shekarar ruwa yakan zarce. Allah ne mai yi."

Muka shuka. Ban taɓa ganin shuka mai kyanta ba, kuma ban taɓa tsanar shuka kamarta ba. Malka, ruwan tsakiyar damina, ta zo, dawa ta yi ta miƙewa, ganye faffaɗa, kore har yana baƙi. Muka yi noman fari da maimai da ganyen tafasa a ciki, maigida yana kai kunya ɗaya ya zauna ya huta. Geron maƙwabta ya yi ciki, ya fid da kai, yara suka fara gasa tumu. Tamu tana ta tsawo, ta wuce kan mutum, ta wuce kan mai doki, ba ciki ba alamarsa. Masu wucewa sukan ce sannu da aiki, su kawar da kai. Inna ta sa na riƙo ta zuwa bakin gona sau ɗaya. Ta kama ganye ta shafa, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce mu koma. Tun daga ranar kunun da Rifkatu ke kawowa sai ta kurɓa sau biyu ta tura wa ɗanta, wai shi ke noma.

Ana cikin haka aikin hanya ya yi gaba, aka ce bariki zai tashi zuwa gabas. Masu Lahadi suka kwance rumfarsu, suka sauke ƙarfensu daga jikin aduwa, suka juye abin da ya rage a kwando suka raba wa gidajen da suke kaiwa. Rifkatu ta zo sallama. Ta biya ta gona tukuna, ta shigo fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Dije, kin ga gonarku kuwa? Duk garin nan babu kamarta! Na ce wa Yohanna Ubangiji ya ji kukanmu, ya mayar muku fiye da abin da muka ci. Yanzu zan tafi da zuciya ɗaya."

Na dubi maigida, ya dubi ƙasa. Inna ce ta amsa daga kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura har suna ƙyalli. "Ta yi kyau, 'yata. Ku sauka lafiya. In kin samu ɗiya mace ki sa mata sunana."

Rifkatu ta rungume ta, abin da ba a yi a garinmu, Inna kuma ta bari. Na raka Rifkatu har bakin rijiya, tana ta ba ni labarin yadda za su dawo ta jirgi in an gama hanya, in yi mata tuwon dawar nan. Na ce to. Ban sake ganinta ba, ban kuma ji inda suka ƙare ba.

Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Maigida yakan fita da sassafe ya bi kunya kunya yana matsa wuyan dawa ko zai ji ciki, ya dawo ya zauna. Ganye ya fara bushewa daga ƙasa. Mutane suna girbin ɗan geron da suka samu, ni ina bin bayansu ina kala, wasu su ɗan bar mini zangarniya da gangan su yi kamar ba su gani ba. Na dama wa Inna kunun sabon gero na kai mata. Ta tambaya na gonar wa ne. Na faɗa. Ta ce in ajiye, za ta sha an jima.

Da hantsin wata Talata Inna ta cika. Matan maƙwabta suka yi mata wanka, aka haɗa likkafani da farin zanen da ta adana. Maza suka ce a samo abin ɗauka, a garin kuwa ba a ajiye makara, kara ake yankowa a ɗaure. Wani ya ce bari ya je gonarsa, maigida ya ce a'a, akwai. Ya ɗauki lauje ya fita shi kaɗai. Ya dawo da rungumen karan dawar nan, dogaye, miƙaƙƙu, masu kauri, suka jera suka ɗaure da igiyar rama. Wani tsoho ya gwada da hannu ya ce bai taɓa ganin kara mai ƙarfin wannan ba. Abin da muka girba a gonar ke nan a shekarar, a kansa aka ɗauki Inna.